Aljihun Ɗan Aike

Da hantsi aka bugo waya caji ofis aka ce wani tsohon tela ya mutu a wani asibitin kuɗi jim kaɗan bayan an yi masa allura, kuma danginsa sun tare ƙofa sun rantse ba ma'aikacin da zai fita. Sufeto ya ajiye kofin shayinsa ko rabi bai sha ba, ya kira Sajan, suka shiga mota.

A hanya Sajan ya ce wannan ai ba aikinsu ba ne, likita ya yi kuskure ƙasa ta rufe, haka aka saba tun kaka da kakanni. Sufeto ya ce su je su gani tukuna. Shi mutum ne da ba ya son a gaya masa ƙarshen labari tun bai ji farkonsa ba.

Asibitin ƙaramin bene ne mai farin fenti. Ƙasa wurin karɓar kati da ɗakin magani, sama ɗakunan kwanciya. Sajan ya tsaya lallashin dangi, shi kuwa Sufeto ya ratsa ta tsakiyarsu. A kan wani benci, nesa da masu hayaniya, ya ga wata matashiya zaune riƙe da farar leda ba kome a ciki, ba ta kuka, ba ta magana. Aka ce masa 'yar mamacin ce.

Gawar tana gadon ƙarshe a ɗakin maza, an lulluɓe ta. Mai asibitin, likitan da kowa ke kira Darakta, yana tsaye a kanta, mutum mai saurin magana da yawan duba agogo. Ya ja Sufeto zuwa teburin nas ya nuna masa allon kwamfuta. Ga fayil ɗin telan a buɗe, ga layi da jan rubutu a can sama: jikin wannan majiyyaci ba ya karɓar fenisilin. Matar telan ce ta faɗa tun ranar da aka kwantar da shi da gyambo a ƙafa, aka rubuta.

Darakta ya ce da safe yana hanya aka bugo masa cewa sakamakon gwaji ya fito kuma zazzaɓi ya haura. Ya ce a yi allurar fenisilin, amma a duba fayil tukuna kamar yadda doka ta ce. Nas ba ta duba ba. A wurinsa magana ta ƙare.

Nas ɗin, dattijuwa da ta daɗe a aikin, ana ce mata Sista, tana jingine da bango hannuwanta a baya. Sufeto ya juya gare ta.

"Kin buɗe fayil ɗinsa kafin ki yi allurar?"

"Na buɗe, Yallaɓai."

"Kin ga jan layin?"

Ta kawar da kai, Sufeto ya matso kusa da ita.

"Ko dai idonki ba ya gani, ko kuwa ba ki buɗe ba. Wanne zan rubuta?"

Sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta buɗe ba. Ɗan Aike ta tambaya. Ta ce a asibitin nan yanzu ba mai buɗe fayil da hannunsa, daga Darakta har mai karɓar kati, kowa Ɗan Aike yake tambaya. Kuma ya ce mata babu wani maganin da jikin telan ba ya karɓa.

Ɗan Aike ba mutum ba ne. Wata manhaja ce mai basira da asibitin ya ɗauka aiki bara. Ka yi mata magana ko ka rubuta, ta shiga cikin fayiloli ta nemo maka amsa. Ma'aikata suka laƙaba mata wannan suna saboda ba ta ƙunƙuni, ba ta tsayawa hira a hanya.

Darakta ya yi murmushin takaici ya ce na'ura ba ta ƙarya, mutum ne ke yi in ya ga ruwa ya kai masa wuya. Sufeto ya ce gani ya kori ji. Ya sunkuya kan teburin ya tambaya a hankali ko akwai maganin da jikin telan da ke gadon ƙarshe ba ya karɓa.

Wata murya mai ladabi ta fito daga kwamfutar, tun bai gama ɗagowa ba.

"Babu. Ana iya ba shi kowane irin maganin kashe ƙwayoyin cuta."

Jan layin yana nan a allon, taƙi ɗaya daga inda muryar ta fito. Sajan, da ya shigo a lokacin, ya ce ƙasa-ƙasa shi ya ga shaidun zur iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wanda zai yi rantsuwa hujjar da ke ƙaryata shi tana rataye a kafaɗarsa ba.

Duk da haka, da Sufeto ya buga wa maigidansa waya a ofis, amsar gajera ce. Mutum ya mutu, jama'a na ƙofa, mace ta amsa da bakinta cewa ta karya doka. Ba a gurfanar da kwamfuta gaban alƙali. A tsare nas ɗin, gobe da safe a kai ta kotu da tuhumar kisa ta sakaci. Aka fitar da Sista ta ƙofar baya. Ta dai roƙi wata abokiyar aikinta ta je ta ɗauko mata jikarta daga makaranta.

Sufeto ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. Abin da ya tsaya masa a rai ba ƙaryar na'urar ba ne. Saurin amsar ne. Shekarunsa a aikin sun koya masa cewa shaidan da ya amsa tambaya tun ba a rufe baki ba, da amsarsa ya zo daga gida.

Mai kula da kwamfutocin asibitin wata matashiya ce da ake kira Injiniya. Ofishinta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, sanyi kamar cikin firji, wayoyi ta ko'ina. Ta fara da cewa tun da aka kafa Ɗan Aike bai taɓa kuskure ba. Sufeto ya ce yanzun nan ya yi ɗaya a gabansa, don haka su tsallake wannan.

Ta yi ajiyar zuciya ta fara bayani. Ɗan Aike ba ya sanin fayil da fuska, da siffar suna yake nema. Kowane majiyyaci da lambar katinsa. In an tambaye shi game da wani, sai ya rubuta lambar ya sa alamar tauraro a bayanta, ma'ana duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wannan lamba, ko me ya biyo baya. Sai ya leƙa cikin foldar majiyyata, wato ma'ajiyar fayilolinsu, in ya sami fiye da ɗaya ya ɗauki wanda ya fi sabunta.

"To ya karanta. Sai kuma me?"

"Sai ya ba da amsa, ya kuma ajiye kwafinta. Mu nan aljihu muke ce wa wurin. In an sake yi masa tambaya irin ta, ba ya komawa fayil. Aljihu yake laluba."

Sufeto ya ce wato kamar maigadin da aka tambaya ko ƙofa a kulle take, ya ce a kulle take, ba don ya je ya taɓa kwaɗon ba, sai don ya tuna jiya ya kulle. Ta ce haka ne, amma ba matsala, domin ana zazzage aljihun a kai a kai, ba ya wuce sa'a guda.

"Ana iya ganin yaushe amsa ta shiga aljihun?"

Ana iya gani. Ta danna. Allon ya nuna cewa amsar nan ta "babu" ta shiga aljihu tun jiya da la'asar, kuma har yanzu ana lissafa ta a matsayin mai kyau. Sufeto ya dube ta ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma daga la'asar ɗin jiya zuwa safiyar yau ya fi sa'a guda.

Ta share goshi duk da sanyin ɗakin. Ta ce Darakta ne ya sa ta tsawaita. Ya ce Ɗan Aike na jan ƙafa, majiyyata na jira, a bar amsa ta yi kwanaki a aljihu. Ta gaya masa akwai haɗari, ya ce in ba za ta iya ba akwai masu iyawa a waje suna neman aiki.

Sufeto ya ce wannan ya bayyana dalilin da tsohuwar amsa ta kwana. Bai bayyana dalilin da ta zama ƙarya ba. Jan layin yana cikin fayil tun ranar da aka kwantar da telan, ta ina Ɗan Aike ya samo "babu" jiya?

Injiniya ta matso kusa da allon. Kowace amsa a aljihu tana ɗauke da sunan fayil ɗin da aka ɗebo ta. Ta karanta, ta sake karantawa. Ba fayil ɗin telan na asali ba ne. Wani ne daban, mai lamba iri ɗaya da ɗan ƙarin wutsiya a baya. Ta sa lambar da tauraronta ta nema a foldar majiyyata. Ɗaya kawai ya fito, na asali, mai jan layi, ba wanda ya taɓa shi.

"Wani ya ajiye masa tagwaye," ta ce a hankali. "Ya tambayi Ɗan Aike, shi kuwa Ɗan Aike ya ɗauki sabon ya karanta, ya sa amsa a aljihu. Sannan aka janye tagwayen."

Sufeto ya tambaya su wa ke da ikon ajiye fayil a wannan folda. Ta lissafa da yatsu: ita, Darakta, nas-nas, da ɗakin magani, don su ma suna ƙara bayanin magunguna. Ya ce kar ta taɓa kome, kar ta zazzage aljihun, ya fita.

Darakta bai yi wuyar kamawa ba. Da farko ya ce shi bai san wani abu wai shi aljihu ba, aikin yaran kwamfuta ne. Da Sufeto ya ce Injiniya tana ƙasa, ko a kira ta, sai ya tuna. Ya ce ai don amfanin majiyyata ya yi, kuma shekara guda ba abin da ya faru. Duk asibitin mutum ɗaya ne ke damunsa a kan maganar, Kawu na ɗakin magani, tsohon da ya tsaya a zamanin katin kwali. Kowane taron ma'aikata sai ya miƙe ya ce wata rana na'urar nan za ta kashe mutum, har abin ya zama abin dariya, yara na kwaikwayon muryarsa in ya juya baya.

"To ga shi bakinsa ya kama mu," in ji Darakta, ya sake duba agogo.

Sufeto ya sauko ya zauna a ƙarshen bencin da 'yar telan take. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa ba tare da ta kalle shi ba. Ta ce ita ta karɓi innarta da asuba don tsohuwar ta je gida ta ɗan huta. Ita ba ta san zancen wata allura da jikin Baba ba ya so ba, Inna ce ta sani.

"Ledar me ce wannan?"

"Ta maganin ce. Ni na sayo."

Ya juyo sosai. Ta ce Sista ta buɗe kabad ɗin ɗakinsu ta ce allurar ta ƙare, ta sauka ɗakin magani ta tarar a kulle, mai makulli bai zo ba. Baba kuwa jikinsa kamar wuta, yana sambatu. Sista ta rubuta mata sunan a 'yar takarda ta ce ta tsallaka titi kemis. Ta yi gudu, ko takalmi ba ta tsaya gyarawa ba. Sista ma har ta yaba mata ta ce Allah Ya yi mata albarka, ta yi sauri.

Ta ninke ledar, ta warware, ta sake ninkewa.

Sufeto ya koma sama ya sa aka buɗe masa kabad ɗin gaggawa na ɗakin maza. Cike yake, kowane magani a layinsa, an manna sunansa da kyakkyawan rubutun hannu. Gurbi ɗaya ne kawai ba kome, wanda aka rubuta wa fenisilin. Ya shiga ɗakin mata, ya shiga na yara. Ko'ina haka, kome yana nan sai wannan. Wata nas ta ce ita dai jiya da safe ta gan su da idonta. Makullin kabad ɗin kuwa, ban da na nas mai aiki, Kawu ne kaɗai ke da shi.

Ya daɗe tsaye gaban gurbin. Tun safe yake neman wanda ya so telan ya mutu, kuma Sajan ya zagaya dangi kaf bai samo wa telan maƙiyi ko ɗaya ba, sai wani da ya ce ya taɓa ɓata masa wando da ɗinki. Mai son kashe mutum da allura zai tabbatar allurar tana kusa. Wannan kuwa ya bi ɗaki ɗaki ya kwashe ta.

Ɗakin magani yana da ƙaramar taga mai ƙarfe da ake miƙo takarda. Kawu na ciki, dogon tsoho siriri, farar rigar aikinsa ba ko ɗigo, tabarau a rataye da zare, tarin makullai a ƙugu. Duk asibitin Kawu ake ce masa, har waɗanda suka kusa sa'arsa. Ya buɗe wa Sufeto ƙofa ya ba shi kujera, shi ya tsaya.

Ya ce yau ce rana ta farko cikin shekaru da ya makara. Motarsa ta tafasa a tsakiyar titi, wayarsa ba caji, ya yi ta fama da makanike. Kafin ya iso an riga an lulluɓe mutum.

"Kawu, kai ka kwashe fenisilin daga ɗakunan sama?"

"Ni ne. Kwanansu ya kusa ƙarewa."

"Suna ina?"

Ya ɗan jinkirta, sannan ya jawo wata durowa. Sufeto ya ɗauki kwalba ɗaya ya kai kusa da taga. Da sauran fiye da shekara kafin ta lalace. Ya ɗauki ta biyu, haka. Kawu ya ce ido ne, tsufa ba ya sallama. Sufeto ya dubi kantocin da ke bayansa, kowace kwalba fuskarta na kallon gaba kamar sojoji a fareti, ya ce lalle tsufa ba ya sallama.

Ya nuna kwamfutar da ke kusurwa, an lulluɓe ta da tsumma. Kawu ya yi ɗan tsaki ya ce shi da wannan abu sai gaisuwa daga nesa, ko kunna ta sai ya kira yaran nan. Sufeto ya yi godiya ya tashi. Yana fita ya lura tsumman ya yi ƙura, amma madannan da ke leƙowa daga ƙarƙashinsa sun yi sheƙi don taɓawa.

Ya koma lungun Injiniya, Sajan na biye da shi yana cewa cikinsa ya fara kiran ciroma, kuma bai ga yadda za a yi a sa wa aljihu ankwa ba.

Sufeto ya tambaye ta tauraron nan, dole sai a bayan lamba ake sa shi? Ta ce a'a, ana iya sa shi a gaba ma, ma'ana ko me ya gabaci lambar. Ya ce to ta sa ɗaya gaba ɗaya baya, kuma kar ta tsaya a foldar majiyyata, ta nema a duk asibitin, kowane sashe. Ta ce ai duk wanda ya yi wannan aika-aika ya goge abinsa tun jiya. Ya ce mai kisa zai goge. Ta nema dai.

Wannan karon na'urar ta ɗauki lokaci, don ba ta da amsar a aljihu. Sajan ya ce ashe in ta ga dama tana iya zuwa ta dubo. Can sai suna biyu suka fito. Na farko fayil ɗin telan na asali. Na biyu yana cikin foldar ɗakin magani, an sa wata kalma a gaban lambar yadda neman yau da kullum ba zai kamo shi ba. Kalmar ita ce "hujja".

Injiniya ta buɗe. Fayil ɗin telan ne kalma da kalma, sunansa, shekarunsa, gyambonsa. Jan layin ne kawai babu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Sufeto ya sake shiga ɗakin magani. Ya tarar Kawu ya cire tsumman daga kan kwamfutar ya ninke, ya ajiye makullansa a kan tebur. Bai jira tambaya ba. Ya ce tun da ya ga Sufeto ya kai kwalbar kusa da taga ya san zai dawo.

Ya ce shekara guda yana roƙo. Ya yi magana a taro, an yi dariya. Ya sami Darakta shi kaɗai, ya ce masa ya je ya huta. Sai ya ga wanda zai yi kokawa da abu dole ya san inda ƙafarsa take, ya sa 'yarsa ta koya masa kwamfuta a gida, ya yi ta karatu har ya gane yadda Ɗan Aike ke nema da yadda yake ajiya. Ya gane kuma cewa ba za su taɓa yarda da baki ba, sai sun gani.

Ya san halin Darakta, in gyambo ya kama ruwa da fenisilin yake farawa. Ya san sakamakon telan da safe zai fito. Shirinsa shi ne a tambayi Ɗan Aike, ya ce babu, Darakta ya rubuta allurar, takarda ta sauko ɗakin magani. A nan zai tare ta. Zai hau sama da takardar a hannu ɗaya, tagwayen fayil a ɗayan, ya tara kowa ya nuna musu yadda tsoho guda ya sa na'urarsu ta rubuta wa mutum ajalinsa. Don haka ya kwashe allurar daga kowane kabad, ya kulle a durowarsa.

"Shekara da shekaru, Yallaɓai, ƙwaya ɗaya ba ta fita a gidan nan sai ta hannuna. Ni ne ƙofar ƙarshe. Na rufe kowace ƙofa."

"Ka manta da titi."

"Na manta da titi."

Ya cire tabarau ya goge, ya sake rataya. Ya ce bai zaɓi telan don wani abu ba, fayil ɗinsa ne kawai mai jan layi a cikin waɗanda ke kwance. Har sun yi hira shekaranjiya, telan ya ce in ya warke zai gyara masa aljihun rigar aikinsa da ya fara yagewa. Garin neman gira an rasa ido. Sannan ya ɗago, da wani abu kamar taurin kai a fuskarsa, ya ce amma abin da ya faɗa game da na'urar gaskiya ne.

Sufeto ya ce gaskiya ne, shi ma ya ji da kunnensa. Ya ce alƙali ne zai auna tarkon, ya ga ko ganganci ne ko wauta, wannan ba aikin ɗan sanda ba ne. Abin da shi yake son ji daban ne.

"Ɗazu kana tsaye a wannan tagar aka wuce da Sista ta ƙofar baya. Ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Ka san ba ƙarya ta yi ba."

"Na sani."

"Tarkon na jiya ne, Kawu, kuma ba don mutum ka ɗana shi ba. Shirun nan kuwa na yau ne."

Tsohon ya dubi tagar. Can ya ce sau da yawa yau ya kai hannu zai goge fayil ɗin, sau da yawa kuma ya kai ƙafa bakin ƙofa zai hau sama ya faɗa. Bai iya ko ɗaya ba. Ya zauna yana ba mutane magani ta taga, yana karanta kowace takarda sau biyu kamar yadda ya saba.

Sajan ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suka fito da shi a tsakiyarsu. A bakin matakala Darakta na tsaye da Injiniya. Kawu ya miƙa wa Darakta makullan ba tare da ya kalle shi ba, ya juya ga yarinyar ya tambaye ta ko an gyara. Ta ce da zarar Sufeto ya ba da izini za ta mayar da shi yadda zai riƙa komawa fayil kowane lokaci. Ya ce aikin zai ɗauki kwana nawa? Ta sunkuyar da kai ta ce ba kwana ba ne, Kawu, danna abu ɗaya ne.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ci gaba da tafiya.

Sufeto ya buga wa maigidansa waya daga farfajiya. Aka ce a saki nas ɗin ta kwana a gidanta, maganar rashin buɗe fayil kuma tsakaninta da hukumar aikinsu. Aka ce a gayyato Darakta gobe ya ba da bayani, a gayyace shi da mutunci. Dangi sun watse don shirin jana'iza. 'Yar telan ce kawai ta rage a kan benci, tana jiran a ba da gawa. Da ta gan su ta miƙe ta tari gaban Sufeto, ledar na hannunta.

"Yallaɓai, ni na sayo. Da ban yi sauri ba, da mai makullin ya iso. Ina da laifi?"

"Ba ki da laifi, 'yata. Ko kaɗan."

Ta yi godiya, ta koma ta zauna.

Sajan ya tada mota. Kawu na baya, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon kemis ɗin da ke tsallaken titi har suka wuce shi. Sufeto ya jingina kai da kujera yana lissafa hannuwan da allurar nan ta bi kafin ta kai jikin telan: wanda ya ɗana tarko, wanda ya ce a yi sauri, wadda ta ji tsoron rasa aiki, wadda ta yarda da murya mai ladabi, da wadda ta yi gudu don son ubanta. Doka ta ɗauki ɗaya ta sa a bayan mota.

Sai da suka yi nisa ya lura da saurin da ya amsa wa 'yar telan, tun ba ta rufe baki ba. Ya sha ba mutane da yawa wannan amsa a kan benci irin wancan. Ya yi imani gaskiya ce. Amma bai je ya dubo ba, a aljihunsa ya same ta.